Ƙullutun ya motse, Hajiya ta ce ba za a cire ƙodar jikarta ba: ku ba ni shawara

Admin: Saƙo ne daga wata 'yar uwarmu, ta ce a sakaya sunanta. Wanda ya san abin ya taimaka mata. Banda zagi, banda tallar magani.

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina rubuta saƙon nan ina gogewa. Ku yi haƙuri, zai yi tsawo.

'Yata ta biyu shekararta 3 da wata 7. Wata biyu da suka wuce ina yi mata wanka da yamma, na kai soso cikinta, sai hannuna ya ci karo da wani abu mai tauri a gefen hagu, ƙasan haƙarƙari, kamar an cusa mata ɗanyen mangwaro. Na danna, ko gezau ba ta yi ba, wasanta take da kumfa. Dama na lura robar siket ɗinta ta daina hawa cikin, amma na ɗauka tumbin yara ne. Na nuna wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, gida ɗaya muke. Ta ce saifa ce, duk 'ya'yanta sun yi. Aka kira wanzami ya yi mata tsaga uku a wurin, aka jiƙa mata sassaƙe. Sati biyu babu canji, sai ma wata safiya na ga fitsarinta ja a fo. Mai kemis ya ce tsargiya ce, ya ba da ƙwaya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yarinyar da ko kududdufi ba ta taɓa shiga ba, ina ta ga tsargiya?

Na matsa muka je babban asibiti aka yi hoton ciki. Mai hoton ya daɗe yana yawo da abin a cikinta bai ce uffan ba, can ya tashi ya kira wani, tun daga nan gabana ya faɗi. Suka tura mu asibitin koyarwa. Can aka yi babban hoto na siti sikan, aka yi na ƙirji, aka ɗebi jini da fitsari, aka auna jininta aka ce ya hau. Ashe yara ma suna hawan jini. Daga ƙarshe likita ya zaunar da mu ya ce ƙari ne a ƙodar hagu, sunansa Wilms, kuma daji ne. Ya ce mu gode Allah huhunta lafiya, ƙodar dama ma lafiya.

Aka fara yi mata allura ta jijiya duk ranar Talata, an yi huɗu. Kafin kowace allura nas tana zagaya cikin da tef irin na tela, daidai cibiya. Ranar farko santimita 59, wannan Talatar 53. Yanzu sai na lalube sosai nake jin ƙullutun. Tana cin abinci, tana guje-guje, gashinta ne kawai yake biyo mataji.

To ga inda gizo ke saƙar. Sun sa ranar Alhamis ta sati mai zuwa za a yi aiki a cire ƙodar gaba ɗaya. Hajiya ta ce sam, ba da jikarta ba. Ta ce yarinya ta warke, rubutun da take ba ta ne ya ci ƙullutun. Ta ce daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi bazuwa zai yi. Ta ce yanzu zamanin satar ƙoda ne. Ta ce mace da ƙoda ɗaya wa zai aura, ta yaya za ta ɗauki ciki? Maigida ya yi shiru, bai taɓa musa mata ba, kuma shi zai sa hannu. Ga ƙaninsa da ke Amurka ya bugo ya ce a can aiki ake fara yi kafin allura, anya likitocin nan sun san abin da suke yi? Ni ma abu ɗaya yana cina: ba su yanki naman sun auna ba, ta yaya suka tabbatar daji ne?

Don girman Allah ku faɗa mini gaskiya. Tunda abin ya motse, ba za a iya ci gaba da allurar kawai a bar mata ƙodarta ba? In kuma dole ne, ta ina zan ɓullo wa Hajiya ba tare da na kashe aurena ba?

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Na karanta har hawaye.

Uwar Gida Sarauta: 'Yar uwa kar ki yarda a yanka yarinya ƙarama. Ki haɗa mata habbatus sauda da zuma da garin tafarnuwa safe da yamma, ki riƙa shafa man zaitun mai ɗumi kina murza wurin. Akwai wani mai magani a ƙauyenmu, ki yi mini magana ta inbox.

Sista Mai Dare: Hajiya Uwar Gida, da girmamawa, wannan murzawar ita ce mafi haɗari a duk abin da za a iya yi wa yarinyar nan. Shekarata 11 a ɗakin yara. Ƙarin nan kamar ƙwai yake, yana da 'yar fata da ta rufe shi. In aka murza ko aka danna da ƙarfi ya fashe a ciki, ciwon ya watsu a cikin ciki ke nan, magani ya ƙaru, har da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Mu kanmu takarda muke liƙawa a kan gadon irin yaran nan cewa kar kowa ya riƙa taɓa cikin, har ɗaliban likita. Maman yarinya, ki hana kowa dannawa, har ke. Kar a goya ta a ɗaure zani tamau a kan cikin, kar yayyenta su riƙa kokawa da ita.

Admin: Na ce banda tallar magani. Na goge lambar da aka saka.

Likitan Yara: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, sannu da ƙoƙari. Ban ga yarinyar ba, likitocinta su ne masu magana ta ƙarshe, amma abin da kika bayyana hanya ce sananniya, zan bi miki ita daki-daki.

Wannan ƙarin shi ne dajin ƙoda da ya fi yawa a yara, kusan 9 cikin 10 na ƙarin ƙodar yara shi ne. A takardunku za ki ga an rubuta Wilms ko nefroblastoma, abu ɗaya ne. Sunan wani likitan tiyata ne Bajamushe, Max Wilms, da ya yi rubutu a kansa a 1899. Ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5, kuma yadda kika gano shi, a wurin wanka, haka yawancin uwaye suke gano shi, don ba ya ciwo da fari. Asalinsa tun yaro na ciki ne: wasu ƙwayoyin da ya kamata su nuna su zama ƙoda sai su tsaya ɗanyu, daga baya su kama tsiro ba tsari. Ba abin da kika ci ba ne, ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma da wuya ya zama na gado, bai fi 1 ko 2 cikin 100 ba.

Maganar ƙanin maigida, gaskiya ya faɗa amma rabinta. Hanya biyu ce a duniya. A Amurka yawanci ana fara cire ƙodar sannan a bi da allura. A Turai ana fara allurar sati 4, binkiristin duk sati, aktinomaisin a sati na 1 da na 3, sannan a yi aiki. Da ya kai huhu, sati 6 za a yi a ƙara da doksorubisin, wata jar allura. Duka hanyoyin biyu sakamakonsu kusan ɗaya ne. Mu a nan mun fi bin ta Turai saboda yaranmu suna zuwa da ƙarin ya riga ya yi girma, jiki kuma ya rame. In aka motsar da shi ya yi tauri, ya fi sauƙin ɗagowa ba tare da ya fashe a hannun likita ba. Wato allurar huɗun nan dama share fagen aiki ce. Motsewar da kuka gani ita ake nema, alama ce ciwon yana jin magani. Ba alamar ya tafi ba ce.

Me ya sa ba za a ci gaba da allura kawai ba? Saboda ba ta kashe shi duka. Waɗanda suka fi rauni a cikin ƙwayoyin su suka mutu, masu taurin kan suna nan a cikin ƙodar. In aka bar su, cikin 'yan watanni ƙullutun zai dawo, kuma wanda ya dawo ya riga ya san maganin, sau da yawa ya haura huhu ko hanta. Na ga wannan da idona fiye da yadda nake son tunawa.

Batun yankar nama: a yaro mai shekarun 'yarki, in hoto ya nuna ƙarin daga cikin ƙodar ya fito kuma kamanninsa na Wilms ne, ƙa'ida ta yarda a fara magani ba tare da an yanka ba, don buɗe shi a ɗebo nama na iya watsa shi. Da shekarunta sun yi nisa, ko hoton ya yi wani iri, da sun sa allura sun tsakuro. Hoton kuma ba don ganin ƙullutun kaɗai aka yi ba. Ana duba ɗaya ƙodar, don kusan 1 cikin 20 yana kama duka biyun. Ana duba ko ya kutsa cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ana kuma rarrabe shi da wasu masu kama da shi, kamar wanda ke fitowa a saman ƙoda, ko dajin Burkitt mai saurin kumbura ciki ko muƙamuƙi da muke gani da yawa a nan, ko ƙodar da fitsari ya taru ya kumbura ta, ko saifar gaske ta masu sikila da yawan zazzaɓi. Cikakken tabbaci kuwa sai an cire an kai ɗakin gwaji.

Wannan gwajin shi ne rabin amfanin aikin. Za a yayyanka ƙodar da 'yan kaluluwar da ke kewaye da ita a duba a madubin likita, a faɗi abu biyu: matakin ciwon da irinsa. Mataki na 1, yana cikin ƙoda an cire shi tas. Na 2, ya ɗan leƙo waje amma an kwashe duka. Na 3, an bar saura a ciki, ko ya fashe, ko ya shiga kaluluwa. Na 4, ya kai huhu ko hanta. Na 5, ƙoda biyu. Irinsa kuma akwai mai sauƙin kai, shi ya fi yawa, akwai mai taurin kai. Da wannan za a yanke allurar bayan aiki: wani sati 4 kawai, da yawa sati 27, mai taurin kan sati 34 da magunguna huɗu. Wasu, musamman 'yan mataki na 3, sai an haɗa da gashi. Ki riƙe wannan da kyau: ranar aiki ki tambayi wa zai kai ƙodar ɗakin gwaji, ki karɓi rasit, ki bi sakamakon da ƙafarki. Kar ya kwanta, don allurar gaba ba ta jira, cikin sati biyu da aiki ake so a ci gaba.

A ƙasashen da ake gama magani, kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa daga wannan ciwon. A nahiyarmu adadin ya yi ƙasa sosai, kuma ba don ciwonmu daban ba ne. Zuwa a makare ne, da tamowa, da kuma barin magani a tsakiya. Tun 2014 wasu asibitoci a Malawi, Ghana, Kamaru da Habasha suka haɗa kai a kan wannan ciwon, magungunan nan dai da ake yi wa 'yarki, suka ƙara da tallafa wa iyaye don kar su gudu. Yaran da ke gama magani ba ciwo a jikinsu suka tashi daga kusan rabi zuwa kusan 2 cikin 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2018 ta sa shi cikin cututtukan daji shida na yara da ta ce a fi mayar da hankali a kansu, don suna jin magani. 'Yarki huhu lafiya, ɗaya ƙodar lafiya, ƙari ya motse. Tana cikin masu kyakkyawan rabo. Kar a bari Alhamis ɗin nan ta wuce.

Mai neman shawara: Likita Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Wallahi ko a asibitin ban gane haka ba, kaina a ɗaure yake ranar. To maganar haihuwa fa? Ita ce Hajiya ta fi nanatawa.

Likitan Yara: Ƙoda daban, mahaifa daban, aikin ba ya taɓa mahaifa. Allurai biyun da ake yi mata ba a san su da hana haihuwa ba. In ta kai ga gashi, to wannan ki zauna da likitan gashin ki tambaye shi, don ya danganta da inda hasken zai bi, kuma in ta girma ta samu ciki sai a sa mata ido sosai. Ki lura, barin ƙarin ya girma ko ya fashe shi ke jawo gashin. Ƙodar da ta rage kuma za ta ƙara girma ta ɗauki aikin biyu, ba wankin ƙoda, ba komai. Akwai mutanen da aka haifa da ɗaya, sai sun tsufa aka yi hoto suke sani. Wanda ya ba ɗan uwansa ƙoda ma ai da ɗaya yake rayuwa.

Baban Sadik: Ban cika magana a nan ba. Ɗana ne, shekararsa 4. Irin wannan ciwon, gefen dama. An yi allurar, ciki ya saɓe, na ce alhamdulillahi, na ɗauke shi muka koma gida ana saura kwana biyar aiki. Ba wanda ya tilasta ni, ni na ga kamar ya warke, ga kuɗi sun ƙare, ga damina. Har nas ta bugo mini waya sau biyu, na ƙi ɗauka. Bayan wata huɗu cikin ya dawo ya fi na da, ya fara tari. Da muka koma suka ɗaga hoton ƙirjin a fitila, ko ni da ban yi boko ba na ga fararen ɗigo-ɗigo. Sun yi iya yinsu. Kwana ya ƙare, na sani, amma har yau in na ga lambar nan a wayata sai na ajiye abin da nake ci. Ki karanta wa maigidanki wannan. In yana so ya ji daga bakina, Admin ta haɗa mu.

Maman Hanif: Allah ya ji ƙansa Baban Sadik, ya sa mai ceto ne.

Ummu Khairat: Amin. 'Yar uwa ni kuma ta ɗaya gefen zan ba ki. Tawa an cire mata tana shekara 2 da rabi, yanzu tana aji huɗu a firamare, ita ce mai tsalle-tsallen gidan. Tabon yana nan a kwance a cikinta, ta ce wai zif ɗinta ne.

Aikin ya ɗauki kamar awa uku, ni dai a bakin ƙofa na ƙare carbi. Ta fito da robar hanci da ta fitsari, kwana biyu ba a ba ta komai ta baki ba, tana kallon kofin shayina tana kuka, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Kwana na uku aka fara kurɓar ruwa, kwana takwas muka fito. Nata mataki na 2 ne, muka yi wata shida da 'yan kwanaki muna zuwa allura. Gaskiya nan ne wahalar take, ba aikin ba. Yarinya ta warware, kowa na ce miki me kuma kike nema a asibiti, kuɗin mota ya ishe ki, keken ɗinkina ma a nan ya tafi. A ɗakinmu mu bakwai muka fara, ba duka muka gama ba, wasu haka kawai aka daina ganinsu. Ki samu kalanda ki zagaye duk ranar allura, ki ɗauka bashi ne a kanki.

Batun satar ƙoda, ki gaya wa Hajiya ni da idona na ga tamu. Na roƙa aka nuna mini a cikin bokitin roba da ruwan magani, wani ƙullutu kamar kan jariri, ƙodar 'yar mitsitsiya a maƙale a gefe, ta lalace. Wa zai sayi wannan? Wa za a dasa wa daji? Ku ce a nuna wa maigida, in ana so har hoto ya ɗauka. Bayan aiki kuma duk hoton da aka yi za ku ga ta daman tana nan.

Bayan an gama ma ba a sallame mu ba. Shekara biyun farko duk wata uku hoton ciki da na ƙirji, don sun ce in zai dawo a nan ya fi dawowa. Yanzu sau ɗaya a shekara, a auna jini a duba fitsari. Abin da suka ja mini kunne a kai: kar a riƙa ba ta magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac barkatai, kar a ba ta jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, ta riƙa shan ruwa, in gudawa ta kama ta a yi maza. Ko kemis na je sai na ce ƙodarta ɗaya.

Hadiza ta Maraɗi: Sannu 'yar uwa. Ɗan ƙanwata ne ya yi, nan aka yi ekografi, wato hoton ciki, aka tura su Yamai. Lokotoro ya ce nefroblastom. Tsarin guda ne da naku, allura tukuna sannan aiki. Kakarsa ma ta tada hankali, sai da aka shiga da ita ta ga hoton. Yaron na nan lafiya lau.

Malam Na Tsangaya: Bari in sa baki a kan Hajiya. Kar ki ce mata rubutunta bai yi aiki ba, nan za ki ɓata komai. Tsohuwa tana ganin jikarta na narkewa, abin da ta iya shi ta yi. Ki ce mata addu'arta ce Allah ya karɓa ya sa maganin ya ci, yanzu saura a fitar da gawar ciwon. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Bai ce sai na gargajiya ba. Tofi da addu'a da zamzam a ci gaba, ba su hana tiyata, tiyata ba ta hana su. Kuma ba ke za ki gaya mata ba. Suruka ba ta cin gardama da uwar miji ko da ita ke da gaskiya. Ki nemo wanda take jin nauyinsa, wanta ko ƙaninta ko limamin unguwa, maigida ya same shi. Shi kuma maigida a tuna masa cewa biyayya ga uwa wajibi ce, amma ran yarinyar nan amana ce a wuyansa shi, shi za a tambaya.

Sista Mai Dare: Malam ya gama magana. In ƙara da wannan: ku zo da Hajiya asibiti kafin ranar. Ku gaya wa likita tun da wuri cewa kaka ce ke da ja, mun saba, za a zaunar da ita a nuna mata hoton farko da na yanzu. Ku ce a kai ta ta ga wata uwar da aka yi wa ɗanta aiki. Maganar "daji ba ya son ƙarfe" kuwa, na san inda ta samo asali: mutane ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, a yi aiki a makare, mutum ya rasu, a ce wuƙa ce. Ai ƙarfen wanzami ya riga ya taɓa ta, Allah ya tsare tsagar ba ta yi zurfi ba.

Sai abubuwan gida, tunda allura za ta ci gaba. Ki sayi ma'aunin zafin jiki. In ya kai 38, ko tsakar dare ne, asibiti, kar ki ba ta farasitamol ki kwanta, kar ki tsaya kemis. Allurar tana rage sojojin jini, zazzaɓin da wani yaro zai shanye ita zai iya kayar da ita cikin awoyi. Gidan sauro kullum. Duk gidan da ake ƙyanda ko ƙarambau kar ta je, in kuma ta haɗu da mai shi ki sanar da likita ranar. Masu ɗigon foliyo in sun zo ki ce tana kan allurar daji, kar a ɗiga mata sai likitanta ya ce. Binkiristin tana sa taurin bayan gida da ciwon muƙamuƙi, wani yaron ki ga yana jan ƙafa ko fatar ido ta sauko, duk ki faɗa. In idonta ya yi rawaya ko ciki ya kumbura farat ɗaya, wannan hanta ce, a taho. Shi ya sa ma muke hana sassaƙe, hantar tana da aikin da ya ishe ta. Lokacin allura ki zuba ido a kan hannun, in wurin ya kumbura ko ta ƙwalla ƙara ki ce a tsaya, in ta zuba a nama tana ƙona shi. Abinci kuwa ki dage, ƙwai, kifi, wake, kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau da yawa. In ta rame ki tambayi abincin tamowa na leda. Gashin kai zai zube ya fito, kar ki sa shi a rai.

Alhaji Mai Goro: Maganar kuɗi ba wanda ya taɓo sosai. Ku je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin tun yanzu, kar ku jira sai kun ƙare. Ku kai takarda masallacin Juma'a da hukumar zakka in jiharku na da ita. Ku tambayi jerin duk abin da za a saya na aiki a rubuce. Ku tanadi masu ba da jini mutum biyu ko uku cikin dangi, ya fi saye. In aka ce gashi, ba kowane asibiti ke da na'urar ba, a sa likita ya bincika inda take aiki kafin ku hau mota. Admin in za a buɗe asusu ni zan fara.

Uwar Gida Sarauta: Allah ya huci zuciyarku, ni ban san murzawa na da illa ba. Na janye. Allah ya ba ta lafiya.

Mai neman shawara: 'Yan uwa na dawo. Daren jiya na miƙa wa maigida wayar na ce ya karanta, na shiga kicin. Da na fito na same shi ya tsaya a kan saƙon Baban Sadik, bai ce mini komai ba, ya sa takalmi ya tafi gidan Kawu, yayan Hajiya. Yau da safe Kawu ya zo suka shige ɗaki sun fi awa. Ba ta ce ta yarda ba. Abin da ta ce shi ne za ta bi mu ranar Litinin ta ga likitan da idonta, kuma in har za a yi, sai an nuna mata abin da aka ciro, kuma ita za ta kwana da yarinyar ba ni ba. Na ce to.

Sun ce mu kawo jini leda biyu kafin Laraba. Nata O ne mai alamar tarawa. Na babanta ya yi daidai, nawa an ce ya yi ƙasa ba za a ɗiba ba. Saura mutum ɗaya.

Baban Sadik: Nawa O ne. Admin ki ba maigidanta lambata, ya gaya mini ƙarfe nawa ake buɗe wurin ɗibar.